Mu Ma Mun Je Tsibiri

A zangonnin Akra ba a tafiya sai da dalili. Mutum ya ce maka zai je Kumasi, ka san aure ne. Ya ce Tamale ko Bawku, ka fara yi masa ta'aziyya kafin ka tambayi wa ya rasu. Amma a ce magidanci da hankalinsa ya kwashi iyali, ya biya kuɗin mota, don kawai a zauna a kalli ruwa a dawo, wannan ba mu gaje shi ba. Teku tana nan ƙasa da mu, daga Kokomlemle in babu cunkoso ba ta kai tafiyar rabin sa'a ba, amma mun bar wa samarin da suke tururuwa zuwa Labadi washegarin Sallah.

Kawun yarana ne ya ɓata mana wannan zaman lafiya. Ƙanin matata ne, ɗan Nima, wanda ya bi ta Agadas da Libiya shekarun baya, jirgin roba ya sauke shi a Lampedusa, ɗan tsibirin nan na Italiya da ya fi kusa da Tunisiya a kan Italiyar kanta. Ranar da ya samu waya ya kira gida, rantsuwa ya yi cewa ko a bokiti ya ga ruwa zai kauce. To, Allah ya yi masa buɗi. Takardu suka fito, ya samu aiki a Palermo ta tsibirin Sisili, ya yi aure, ya haihu. Yanzu duk 15 ga Agusta, ranar da Italiya take kulle shaguna ta tafi bakin teku, sai ga hotunansa a WhatsApp: gajeren wando, baƙin tabarau, rairayin Mondello, yara suna gina gidan yashi. Mai rantsuwa ke nan, ruwa har ƙirji.

Uwargida ba ta ce uffan ba. Wayar kawai take ajiyewa a gefen kwanon tuwona, hoton yana kallona. Yara kuwa dare da rana ba su da zance sai tsibiri. Na zauna na yi lissafi. Tun watan Yunin 2024 kuɗin neman bizar Shengen yuro 90 ne ga babba, 45 ga yaron da ya kai shekara 6, kuma wannan kuɗin tambaya ne kurum, in an hana ka ba a mayar maka da ko sisi. Ban kai ga kuɗin jirgi ba na rufe littafin. Na tara su na ce, ai mu ma Allah bai hana mu ba. A Ada Foah, inda kogin Volta yake shiga teku, tsibirai ne birjik, kuma babu mai tambayarka takardar banki.

Da Kawu ya ji, sai ya turo saƙon murya. "Mijin yaya, ka saurare ni da kyau. Ku tafi ku kaɗai, kai da yaya da yara. Jaka ɗaya ta isa. Ku fita da sassafe. Kada yara su cika ciki kafin a shiga jirgi. Kowa ya sa rigar ceto." Shawara ce mai kyau, ga mutumin da yake zaune a bene, yana rufe ƙofarsa, bai san sunan maƙwabcinsa ba. Mu gidan haya muke, ɗakuna jere, famfo ɗaya. Na gargaɗi kowa cewa zancen nan sirri ne, sirrin kuwa ya rayu har zuwa lokacin da Auta ta je makarantar allo da yamma.

Asabar da Asuba na fito na tarar da tsakar gida ta cika. Ga surukata, Mma, ta taso daga Maamobi da ƙawarta. Ga ƙanwar uwargida da goyo. Ga 'ya'yan maƙwabta an yi musu wanka an shafa musu hoda, iyayensu suna yi mini godiya a kan alherin da ban san na yi ba. Ga malamin makarantar allo da carbinsa, ya ce tunda ɗalibansa za su hau ruwa, bai kamata a tafi ba mai addu'a ba. Uwargida ta ƙirga, mu 17.

Jaka ɗayar da Kawu ya ce kuwa ta haihu. Babbar tukunyar wache, kwanon taliya da gari, kwalbar shito, dafaffen ƙwai, wagashi, fulas ɗin koko, ƙosai a jarida, jakunkunan fiya wata, tabarmi, butoci, da kurfoti da gawayinsa, wai ko za a so ɗumame. Direban trotron da na ɗauko haya daga Circle ya dubi kayan, ya dube ni, ya tambaya cikin ladabi ko ƙaura muke yi, don in ƙaura ce kuɗin daban ne.

Ba mu tashi ba sai da hantsi. Babbar hanyar Tema, wadda Nkrumah ya buɗe a 1965, kilomita 19 ce kacal, amma kafin mu gama ta an gama da koko da ƙosai an shiga ƙwai. Daga Tema zuwa Dawhenya muka yi rarrafe cikin cunkoso, daga nan kuma yara suka fara jin fitsari, ba tare ba, ɗaya bayan ɗaya, kowa sai mota ta ɗauki gudu yake tunawa. A Sege Mma ta hango kankana ta ce a tsaya. A mararrabar Kasseh ta hango gishirin Songor, ta ce wanda ya zo ƙasar Ada ya koma ba gishiri ai bai zo ba, aka ɗora buhu guda a ƙarƙashin ƙafafuna. Tafiyar kilomita 100 da 'yan kai sai da ta kai mu rana tsaka.

A Ada Foah na so in yi wa yara ɗan karatu. Na nuna musu wajen da mutanen Denmak suka gina ganuwar Kongenstein a 1783, wadda teku ta yi ta gutsura har saura kaɗan. Na ce da mun zo makon farko na Agusta da mun tarar da bikin Asafotufiami, ana ta harba bindigogin gargajiya. Babu wanda ya saurare ni. Idanu duk suna kan kwalekwale.

Dogo ne, na katako, da injin a gindi, ruwa yana ɗan tsattsafowa tsakanin allunan. Mai jirgin ya kira ni Alhaji tun kafin mu gaisa, ya ƙara da cewa daga gani ni babban mutum ne, saboda haka na biya shi kuɗin zuwa da dawowa gaba ɗaya, uwargida tana taka mini ƙafa. Rigunan ceto ba su kai yawanmu ba. Aka sa wa ƙananan yara, ɗaya ta rage, mai ruwan lemo, wadda aka ɗinka don ɗan shekara 12. Na sa ta, don shugaba shi ne mai nuna misali. Zif ɗin ya hau da ƙyar ya tsaya a ƙarƙashin haƙarƙarina, hannuwana suka ɗage gefe-gefe kamar na kazar da aka ɗaure za a kai kasuwa.

Mma kuwa ta tattare zaninta ta taka cikin jirgi ba ta riƙe komai ba. Shekara da shekaru ta yi tana fataucin busasshen kifi a Yeji, tana ƙetare tafkin Volta zuwa Makango, don haka tana shiga ta karɓe mulki. Ta raba mu dama da hagu gwargwadon nauyi, ta ba wani yaro gwangwani ya riƙa kwashe ruwa, ni kuma ta ce, "Kai zauna tsakiya kusa da tukunya, kada ka motsa." Malam ya fara addu'a da ƙarfi. Da jirgi ya yi tangaɗi na farko sai muryarsa ta koma cikin ciki.

Mai jirgi ya tambaya wane tsibiri. Na ce ya kai mu wanda Turawa suka fi so. Ina ganin duk mai adalci zai yarda cewa wannan amsa ce mai ma'ana.

Ya sauke mu a Aflive. Wuri mai kyau, bishiyoyin kwakwa, gonakin rake, inuwa. Aka bi da mu wata 'yar hanya zuwa wata rumfa inda inji yake matse rake, ruwan yana gangarowa cikin baho. A gefe ga ganguna jere cike da ruwan yana kumfa, ƙudan zuma suna shawagi a kai, wani tsami-tsami yana dukan hanci. Can gaba an hura wuta a ƙarƙashin tanki, bututu ya fito daga kansa ya nutse cikin ruwan sanyi, a ɗaya bakin wani abu fari tas yana ɗiga cikin jarka. Malam ya leƙa ya ce, "Ikon Allah, haka ake yin sukari?" Mai wurin, mutum mai fara'a da sanin girman manya, ya tsiyaya a ɗan ƙaramin kofi, ya riƙe da hannu biyu, ya miƙa wa wadda ta fi kowa shekaru.

Mma ta kai hanci. "A'uzubillahi! Akpeteshi!"

Turawan mulkin mallaka sun haramta wannan giya, sai a 1962 dokar ƙasa ta halatta ta. A tamu dokar kuwa tana nan inda take. Malam ya isa bakin jirgi kafin kowa, da carbi a sama. Mma ta yi mini kallon da har yau in na tuna sai na gyara zama, sannan ta juya ta yi cinikin rake dami guda, ta ce shi raken ba shi da laifi.

Na ce wa mai jirgi ya kai mu inda babu kowa, babu komai. Ya cika umarni. Wani tudun yashi ne fari a tsakiyar kogi, ana hango inda ruwan Volta yake karo da teku, ba bishiya, ba rumfa. Ya ce zai je ya dawo yanzun nan.

Gaskiya wurin ya yi kyau, har uwargida ta yi murmushi. Aka shimfiɗa tabarmi, aka buɗe wache. Na ja layi da sanda a kan yashi na kafa doka. Ta wajen teku ba mai zuwa, don igiyar wannan gaɓa tana jan ƙato balle yaro. Ta wajen kogi ma ba mai shiga, don tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965 ruwa ya rage gudu, ciyawa ta yawaita, dodon koɗin da yake ɗauke da tsargiya ya samu gida. Yara suka tsaya a tsakiya, ruwa gaba ruwa baya, suna kallona da idon da ake kallon azzalumi. Mma ta tsoma yatsa ta lasa. "Gishiri ne. Dodon koɗi ba ya zama a nan. Ku shiga, iya gwiwa." Dokata ba ta yi minti biyar a duniya ba.

Gishirin da Mma ta lasa kuwa yana da dalili: teku ce take cikowa tana turo ruwa cikin kogi, yadda take yi sau biyu kowace rana. Muna cikin musun alƙibla, Malam yana cewa nan, ƙawar Mma tana cewa can, wayoyi duk sun mutu saboda yara sun ƙarar da caji wajen nuna wa Kawu yashi, sai Auta ta ce, "Baba, takalminka yana tafiya." Na waiwaya. Ga shi can, ƙafar dama a gaba, ta hagu tana biye, buta ɗaya tana yi musu rakiya.

Muka ja tabarmi baya. Ruwa ya biyo. Muka ƙara ja. Kafin La'asar tsibirin da na kawo iyalina ya koma bai fi tsakar gidanmu ba, mu 17 a cure, tukunya a kan ƙawar Mma, kurfoti a hannun Malam. Wani ƙaramin kwalekwalen masunta ya zo wucewa, Mma ta ɗaga murya ta kira su da wani gaurayen Ewe da Hausa. Na ce Alhamdulillahi, ceto ya zo. Ashe farashin kifi take tambaya. Suka yi ciniki, ruwa yana lasar idon sawunmu, ta karɓi lambar wayarsu, suka wuce.

Rana ta yi ja sannan muka ji ƙarar inji. Mai jirginmu ne, ya yafa zane baƙi da ja. Asabar ce, ranar jana'iza a wannan ƙasa, ya je binne wani ɗan uwa a tsibirin gaba, kuma bai dawo shi kaɗai ba: ga mata masu makoki, ga kujerun roba an jera su sama, ga babban ganga. Ya ce, "Alhaji, ka ga ban daɗe ba." Muka cusa kanmu tsakaninsu. Kafin mu kai gaɓa Mma ta raba musu ragowar wache, ta yi musu ta'aziyya, sun zama 'yan uwa.

Na shiga trotro ba takalmi, na zauna a kan buhun gishiri, na rufe ido. Mun wuce Sege, duhu ya yi, sai uwargida ta taɓa ni.

"Maigida, na ƙirga."

"Wa ya ɓace?"

"Ba wanda ya ɓace. Mu 18 ne."

Aka kunna fitila. A kujerar baya, tsakanin 'ya'yan maƙwabta, wani yaro yana barci da guntun wagashi a hannu. Aka tashe shi, aka yi masa Hausa, aka yi masa Turanci, ya amsa da Dangme. Ɗan masu makoki ne, ya bi abokan da ya yi a jirgi. Direba ya juya mota yana faɗin sabon kuɗi tun kafin ya gama kwana. A Ada muka tarar da uwar yaron da rabin unguwa a bakin ruwa da fitilu. Ta rungume ɗanta, ta dubi mutumin da ya kawo shi, ƙafa ba takalmi, babbar riga a jiƙe, rigar ceton yara a ɗaure a ƙirji, ta ja ɗanta ta koma bayan mijinta.

Rigar kuwa ba ƙin cirewa na yi ba. Gishiri da yashi sun cije zif ɗin, da ita na shiga Kokomlemle tsakar dare, sai da safe telan bakin layi ya ɓalle ta, samarin majalisa suna kallo. Mai jirgi ya bugo waya ya ce rigarsa ce, a kawo masa. Mma ta karɓe wayar ta ce ya kwantar da hankalinsa, ai ta riga ta shirya da masuntan nan za ta riƙa ɗauko kifi duk ƙarshen wata, kuma ta samu mai raka ta.

"Surukina zai kawo maka da kansa," ta ce. "Shi ya san hanya."