Shiga Kyauta Ne, Amma Wa Zai Biya Mai Rumfa?

A da, haɗa saurayi da budurwa a ƙasar Guddiri, wato ƙasar Katagum, ba ya buƙatar kwamiti. Dandali na gari ne, farin wata na Allah ne, mai kalangu kuwa abin da samari suka liƙa masa shi ne ladansa. 'Yan mata su yi gaɗa, sarkin samari ya tsawatar, kowa ya ga wadda ta kwanta masa a rai, bayan kwana biyu a tura manya. Bazawara ma ba sai ta fito ba, kafin ta gama idda labarinta ya riga ya zaga unguwa.

Azare ta yau ta wuce nan. Garin da hedikwatar masarautar Katagum ta dawo cikinsa a 1916 ya zama garin makarantu da ma'aikata. Ga Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh, ga babban asibitin tarayya, ga Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da aka kafa a 2021, ga kuma jami'ar jiha nan kusa a Gaɗau. Malamai da ma'aikatan jinya da 'yan hidimar ƙasa sun cika gari, da yawansu babu aure, gwaggon da za ta yi musu hanya kuma tana can Shira ko Gamawa ko Misau. To a ce wata ƙungiyar matasa ta zauna ta yanke shawarar shirya taron sada zumunci na tuzurai da gwauraye da zawarawa da 'yan mata, da rana tsaka, da sanin iyaye da mai unguwa. Shiga dole ya zama kyauta, don da tuzuru yana da rarar kuɗin tikiti da tuni ya kai kuɗin gaisuwa.

Sai dai mai rumfa bai san da wannan zance ba. Haka mai kujeru da mai lasifika da mai janareto, balle mai gidan mai, wanda tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023 ba ya gane ɗan unguwarsu. Ga masa da miya, ga zoɓo, ga fiya wata. A Kano gwamnati ce ke ɗaukar nauyin aurar da marasa hali, tun daga ma'aurata 100 da Hisba ta fara da su a 2012 har zuwa 1,800 na watan Oktoban 2023, inda ta biya sadaki ta sayi gado da katifa ta ba amare ɗan jari. Ƙungiyar matasa ba ta da baitulmali. Abin da take da shi littafin ma'aji ne da jama'ar Annabi, ga su nan kuwa kala-kala.

Alhaji Rubuta-Min

Ranar gidauniya ake ganinsa. Zai bari sai wuri ya cika, lasifika ta zo hannunsa, ya gyara babbar riga ya ce: "Ma'aji, rubuta min dubu ɗari biyar." Wuri ya kaure da tafi, maroƙi ya tuno kakansa na bakwai. Daren nan kwamiti zai ƙara rumfa ɗaya da rago a cikin kasafi. Washegari a je gida a ce Alhaji ya shiga ciki. Jibi ya tafi Kano. Gata wayarsa a kashe. In an yi dace an tare shi a ƙofar masallaci bayan asuba, sai ya zaro ido: "Ba ku ga alat ba? Ai tun shekaranjiya na tura. Netwok ne." Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 netwok ya zama lauyan duk mai nauyin alkawari. Da Alhaji ya yi shiru ranar gidauniya da bai cuci kowa ba. Amma an riga an ɗauko ragon mutane bashi da sunansa.

Onarabul Mai Jiran Gado

Shi yana bayarwa, kuma a take. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Za a wayi gari a ga ƙyallen taro a rataye, fuskarsa ta cinye kashi uku cikin huɗu, sunan taron yana can ƙasa sai mai tabarau ya karanto shi. Zai nemi minti biyar ya yi gaisuwa, ya shafe minti arba'in yana bayanin kwalbatin da zai gina in Allah ya kai mu 2027. Zai zo da yaransa mota biyu, kuma in gaskiya za a bi duk tuzurai ne, ba wanda zai ce ba su cancanci shiga ba. Su za su fara isa wurin masa. Mutum ya fito neman mata ya koma gida da hula mai tambarin jam'iyya. Kafin magariba kuma abokin hamayyar Onarabul ya aiko ana tambayar kwamiti nawa aka saye su.

Alhaji Akwai-Gurbi

Matansa biyu, 'ya'yansa sun fara aurarwa. Bayan isha yake zuwa wurin shugaban kwamiti, a hankali, ba maroƙi ba rakiya. Ya ajiye kuɗin ragon nan da Alhaji Rubuta-Min ya bari a wuyan mutane, lakadan. Sharuɗɗansa uku ne: kada sunansa ya shiga takarda, kada mai hoto ya juyo inda yake, a kuma sa masa kujera a inda ake hango rumfar mata. In an ce, "Alhaji, ai taron na marasa aure ne," sai ya kawo lissafi: "Yaro, huɗu aka halatta min, biyu gare ni. Ashe ka ga rabina gwauro ne." A nan kwamiti ke rabewa biyu. Ma'aji yana kallon kuɗin, sauran suna kallon motar da ke waje suna tuna baburansu. Sun san in ya shigo, su ne suka kafa rumfa suka jera kujeru, shi zai tafi da amfanin gona. Ba a ma yi maganar ranar da labari zai kai kunnen uwargida ba.

Mai Gudummawar Kaya

"Ni ba na ba da kuɗi, amma ku zo shago." In an je, sai ya sa yaro ya shiga can ƙuryar sito ya fito da lemon da saura kwana uku wa'adinsa ya cika, da biskit da ya sha iska, da kalandar bara guda hamsin a raba wa baƙi. Ɗan'uwansa mai hayar kujeru zai ba da aron kujeru kyauta, waɗanda tun bikin sallar bara suke da ƙafa uku. Ranar mayarwa zai tsaya ya duba su ɗaya bayan ɗaya ya ce an karya masa, a biya. Duk da haka wannan hanya ta fi kowace sauƙi ga wanda ya iya ta. Makarantar Islamiyya na iya ba da harabarta ranar Alhamis da babu karatu, mai masa ta soya a kan kuɗin shinkafa da mai, mai gidan ruwa ya ba da jaka goma. Dabarar ita ce kwamiti ya je da takardar abin da yake buƙata. Wanda ya je ya ce "a taimaka da abin da ya sawwaƙa" ya ba mutum izinin share sitonsa.

Hajiya Dillaliya

Ita ba ta zo taimako ba, kuma ba ta ɓoye ba. Tebur take so a bakin ƙofa, ta kuma biya kuɗinsa tun kafin a tambaya. A kai za ta baje atamfa da leshi da humra da turaren wuta da samfurin kwanukan da ake biya kaɗan-kaɗan. Ita ce za ta kawo shawarar anko: "Ku dai bar shiga kyauta, 'ya'yana. A fitar da atamfa, a ɗora ɗan abu a kan kowane turmi ya shiga asusunku. Ba dole ba ne." Ta san sarai babu budurwar da za ta yarda ta zauna cikin mata ɗari ita kaɗai ba anko. Da haka aka sayar da tikiti ba tare da an kira shi tikiti ba. Hangen Hajiya ya wuce ranar taro. Duk biyun da suka daidaita, lefe a wurinta, kayan ɗaki a wurinta, adashin da uwar amarya za ta shiga ma ita ce uwarsa. Kafin a tashi ta tattara lambobin waya fiye da na sakatare. A cikin masu ba da kuɗi duka, ita kaɗai ce kwamiti ya san abin da take so tun ranar farko, shi ya sa ba a taɓa faɗa da ita.

Malam In-Dai

"Babu laifi, aure sunna ne, in dai..." Daga nan ma'aji ke fara gumi, don kowane "in dai" da kuɗinsa. In dai maza da mata ba za su cakuɗa ba: rumfa ta zama biyu. In dai kowace yarinya za ta zo da muharraminta: faranti ya ninka. In dai babu kiɗa: kafin alƙalamin da aka ba mai kiɗa ya tafi. In dai za a buɗe da nasiha: sai an ƙara man janareto. Gudummawarsa ta aljihu kuwa addu'a ce mai tsawo, ta Malam ba ta wuce amin. Amma kada wanda ya yi gangancin cire shi. Sunansa a jikin takardar gayyata shi ke sa uba ya bar 'yarsa ta fito, shi ke sa 'yan Hisba su zo su yi sallama su zauna a ba su zoɓo. Ya fi kowa tsada, kuma in babu shi rumfar mata wayam za ta kasance.

Ɗan Boko Mai Takarda

Ya raina karo-karo. A ganinsa kuɗi suna can jibge a bankuna da kamfanonin waya da ƙungiyoyin agaji na Turawa, takarda kawai suke jira. Zai sauya wa taron suna zuwa wani dogon Turanci da shugaban kwamiti ba ya iya faɗa, ya rubuta shafi goma sha biyu har da taswira. Sai ya karɓi kuɗin buga takarda, da na bango mai ƙyalli, da na motar zuwa Bauchi, da na kwana. Ya dawo da albishir: "Sun yaba ƙwarai, sun ce za su kira mu." Shi kaɗai ne mai tara kuɗin da asusu ke ramewa duk sanda ya yi aiki.

Ɗan Gari Na Nesa

Yana Abuja ko Legas ko Jidda, amma a zauren WhatsApp ya fi mazauna gari zafi. "A turo akawun yanzun nan." A tura. Ya aiko da hoton babban yatsa da na hannuwa biyu suna addu'a. Bayan kwana uku ya dawo da shawarar a kama zaure mai na'urar sanyi, don a can inda yake ba a taro a rumfa. Wani kuma zai turo dubu biyu, ya sako hoton rasit sau uku, ya nemi a karanto sunansa cikin manyan baƙi.

Ɗan Ai-Kyauta-Ne

Domin shi aka yi duk wannan wahala. Yakan zo da abokai biyu da leda a aljihu. Akwatin da aka ajiye a ƙofa don wanda Allah ya hore wa ya jefa wani abu, daidai nan ake kiransa a waya. Ya ci, ya ƙara, ya ƙulle na ƙannensa, ya ce naman ya yi kaɗan. Bai yi wa ko mace ɗaya sallama ba. Da za a tashi ya ja sakatare gefe ya tambaya ko akwai kuɗin mota.

Ma'aji

Galibi malamin firamare ne ko tela, wanda aka ba muƙamin saboda ba ya iya cewa a'a. Shi ke bin mutane gida-gida yana karɓar ɗari biyar da dubu, kuma in aka tattara a ƙarshe, waɗannan ƙananan na masu shayi da 'yan acaɓa da ma'aikatan jinya su ne suka biya rumfa. Ranar taro ba ya zama, balle ya ga wata. Yana wurin janareto, yana wurin mai masa, yana ba mai lasifika haƙuri. Bayan an watse shi ke kwashe kujeru, giɓin da ya rage kuma daga albashinsa yake fita, ko wayarsa ta kwana biyu jingina.

Bazawara Mai Biro

Kowane kwamiti na da irinta, in ya yi sa'a. Ta taɓa aure, ta san bambancin "zan kawo" da "ga shi". Ba ta yawan magana a zama, rubutu take yi: wane ya yi alkawari, wane ya cika, wane ya kashe waya, wane ya karɓi kuɗin mota. Ita ce ke ɗaga hannu ta ce, "Shugaba, a karanto mana abin da ya shigo da abin da ya fita." Ba a cika sonta ba a ranar. Amma ku lura, ba ta damu da zuwa taron ba, don ta gama nata zaɓen tun a zama na uku.

Ita ta fi kowa gane lamarin. A ranar taro kowane namiji mutumin kirki ne: shadda ta sha guga, turare na aro, murya ƙasa-ƙasa. Awa uku ba sa tona halin kowa. Karo-karo kuwa wata guda ake yi ana binsa, kuma wanda ya ce netwok ne a kan dubu biyun rumfa, haka zai ce a kan kuɗin cefane. Wanda ya ba da lemon da ya kusa lalacewa, a jira a ga lefensa. Shawarata ga matasan Azare da Chinade da Madara da duk mai niyyar irin wannan taro ita ce su rage wa kansu wahala. A kira gidauniya, a bi alkawura wata guda, sannan a buga littafin ma'aji a raba wa iyayen 'yan mata da zawarawa. Ba sai an kafa rumfa ba, kuɗin da aka tara kuma a ba ma'aji ya kai sadaki.