Albasar Dattijo

Wanda ya san Yelwa a watannin Maris da Afrilu ya san ƙamshinta. Kwale-kwale na sauke buhuna a bakin ruwa, wasu daga Shanga, wasu daga gefen Ngaski, wasu daga ƙauyukan Gungawa. 'Yan dako na ta kai-kawo, manyan motoci sun jeru suna jiran lodi zuwa Kurmi. Kakar albasa ke nan, kuma a cikinta labarina ya faɗo, a wata ikilisiya daga cikin ikilisiyoyin garin. Kada a tambaye ni wacce. Akwai UMCA, akwai ECWA, akwai Katolika da Baptis da Angalikan, kowacce kuwa tana da bencin gaba da bencin baya.

Wani dattijon ikilisiya ne, dillalin albasa. Mutumin dai ba inda za ka nuna a jikinsa ka ce ga tabo. Bai taɓa kai burukutu bakinsa ba, ba ya shan taba, goro ma ya bari. Matarsa ɗaya tun auren fari. Ranar addu'ar asuba shi ke buɗe ƙofar majami'a. Zakkarsa ba ta latti, kuma rabin kwanon da aka rufe majami'a da shi daga aljihunsa ya fito. Ban jero waɗannan don in rage musu daraja ba. Abubuwa ne masu kyau, da ma a ce dukanmu muna yin su. In aka zo maganar horo kuwa, nan ya fi ƙarfi. Yarinya ta shigo sujada ba ɗankwali, shi zai fara gani. Saurayi ya tsaya hira da budurwa bayan koyon waƙa, kafin mako ya zagayo magana tana gaban majalisar dattawa. Abin da ba ya barin bakinsa shi ne: dole ikilisiya ta zauna da tsarki.

A rumfarsa akwai mata masu tsinta. Tun safe suke zama gaban tulin albasa, su ware manya da ƙanana, su fitar da masu rauni, su ɓare busasshen ɓawo, a biya su ƙarshen mako. Cikinsu akwai wata gwauruwa, 'yar Zumuntar Mata. Mijinta masunci ne, ruwa ya ci shi, ya bar ta da yara huɗu.

Yadda ake cika buhu a rumfar ba Dattijo ne ya ƙirƙiro shi ba, tararwa ya yi ana yi. A zuba masu kyau a gindi, don mai saye yakan tsaga gindin buhu ya leƙa. A jera zaɓaɓɓu a baki, su ne fuska. Tsakiya kuwa, inda hannu ba ya kaiwa, nan ake tura waɗanda suka fara laushi. A ɗinke, a ɗora a mota. Kafin a wuce Kontagora da Mokwa, a haye gadar Jebba, a bi Ilori da Ibadan, a isa kasuwar Mayil 12 a Ikko, a sauke, buhun ya canja hannu biyu ko uku. Wadda za ta yi kukan asarar wata mai kasa albasa a tire ce, a unguwar da Dattijo bai taɓa jin sunanta ba.

Wata Juma'a gwauruwar ta tara masu laushi a gefe, ta ƙi tura su tsakiya.

"Baba Dattijo, ka yi mini aikin gafara, waɗannan ba za su kai ba. In ka yarda a sayar wa masu abinci a nan gari da araha, yau-yau za su dafa su."

"'Yar'uwa, tsinta na ɗauke ki ko ba da shawara?"

"Tsinta ce, Baba. Amma hannuna ya kasa. Da shi zan karɓi Jibin Ubangiji ran Lahadi."

A gaban 'yan dako ta faɗa, wasunsu Musulmi, wasu Kirista, kowa ya ji. Dattijo bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya dai ce aiki ya ragu, ta huta tukuna. Kuɗinta na makon kuwa ya ce sai an yi lissafi, lissafin da ba a taɓa yi ba.

Mai yara huɗu ba ta zama. Ta koma tallan bandar kifi, ta bi kasuwa, ta bi tasha, ta gano cewa kifi da yaji ba inda ya fi tafiya kamar gidan burukutu da ke bayan gari. Aka gan ta tana fitowa daga can da tire a ka. Labari ya kai kunnen Dattijo, shi kuma ya kai majalisa. Ranar ya yi magana mai tsawo, da ayoyi, muryarsa har rawa take yi saboda kishin sunan ikilisiya. Fasto sabon zuwa ne, yaro ne kuma a cikin furfura, ya so a ja mata kunne a bar ta, amma bai nace ba. Aka ɗaga hannuwa. Horon wata shida: ta koma bencin baya, ba Jibi, ba ɗaura zanen Zumunta.

Shin ƙarya Dattijo ya yi mata? Bai yi ba. Ta shiga gidan, dokar kuma tana nan. Ina ma zaton a ranar ya gaskata cewa don Allah yake yi, kuma wannan ne ke ba ni tsoro a labarin. Ƙullin da ke cikin mutum yakan je ya aro aya ya yafa, har mai shi ya kasa gane shi.

A cikin waɗanda suka ɗaga hannu akwai wani tsohon mai bishara, Bagunge, wanda idanunsa suka kusa tafiya. A tsibiri aka haife shi. Yana saurayi aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya shanye tsibirai da gonakin bakin kogi, aka sake wa mutum fiye da 40,000 matsuguni. Karatunsa na fari a hannun mutanen mishan ya yi shi, waɗannan da suka fara aiki a ƙasar Nufe a 1905, suka hauro Salka da Zuru da Yelwa, suka kafa asibiti da makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya. Wa'azinsu a kan tsarkin zuciya ya fi nauyi. Sun koyar cewa tuba ba ta ƙarewa a ruwan baftisma, sai Ruhu Mai Tsarki ya shiga ya share har inda mutane ba sa gani, wanda ya ci haƙƙin wani kuma ya mayar. A kan wannan tsohon ya tashi, a kansa ya tsufa. Amma wani ɗan dako ya riga ya gaya masa abin da ya faru a rumfa tun kafin zaman majalisa. Kuma duk ƙarshen wata Dattijo kan aiko masa da shinkafa da kuɗin maganin ido. Da aka ce a ɗaga hannu, ya ɗaga.

Bayan kwana biyu jikansa ya ja masa sanda zuwa rumfar. Aka gaisa, aka ba shi benci.

"Baba, ai da ka aiko yaro an kai maka har gida."

"Ɗana, albasa ɗaya tak nake so. Amma kai za ka zaɓa mini da hannunka, wadda ta fi kowacce."

Dattijo ya duba fuskar wani buhu da ba a ɗinke ba, ya zaro wata ƙatuwa, ja wur, ɓawonta na sheƙi. Tsoho ya jujjuya ta a tafinsa. Bai kula da girmanta ba. Ya sa babban yatsa a wuyanta, inda aka yanke ganye, ya danna a hankali, ya kai hanci. Ya ce a kawo wuƙa. Dattijo da kansa ya raba ta biyu. Zoben waje da mai bi masa garau suke, suna tsatsafar ruwa. Daga nan launi ya fara komawa ruwan ƙasa, can tsakiya kuwa baƙi ne sitik, ya narke, warinsa ya sa 'yan dako ja da baya.

Dattijo ya ce, "Ikon Allah! Ai ni da na gan ta sai in rantse."

Tsoho ya ce, "Manominta ya ƙara mata yuriya a ƙurarren lokaci, ya kuma ba ta ruwa har gab da cira, don ta kumbura ta yi nauyi. Bai jira ganye ya kwanta ya bushe ba, ya yanke wuya yana ɗanye. Ta nan cuta ke shiga, ta gangara tsakiya, ɓawo bai sani ba. A tsibiri, in ganye ya fara kwanciya iyayenmu janye ruwa suke yi, bayan cira su shanya ta a inuwa har wuya ya rufe. Ba ta kai wannan girma, amma ka sa ta a rudu ta kai ka damina."

"To Baba, ai laifin manomi ne."

"Manomi ya san da ido ake saye, ɗana. Abin da ido ke so shi ya noma."

Tsoho ya san mahaifin Dattijo, mutum ne da aka yi wa shaidar gaskiya a awo. Amma bai ce masa albasa ba ta yi halin ruwa ba. Bai ambaci gwauruwa ba, bai buɗe Littafi ba. Ya miƙa masa ɓarin biyu a hannu, ya ce wa jikansa su tafi. Dattijo ya jefar a kwando, ya sa aka zuba masa ruwa ya wanke hannu da sabulu.

Mai jiran ya ji mota ta kife ko kaya sun ruɓe a hanya, ya yi haƙuri. Lafiya lau mota ta isa, aka sayar, kuɗi ya shigo. Ran Lahadi Dattijo ya fitar da zakka cif-cif, Fasto ya yi addu'a Allah ya ƙara buɗi. Haka abin yake yawanci, shi ya sa maganar zuciya take da wuya: ba ɗan sanda a kanta, ba majalisa, sau da yawa ma ba asara.

A wannan Lahadin ne tsohon mai bishara ya shigo, ya wuce kujerarsa ta dattawa, yana laluben bango har bencin baya, ya zauna a ƙarshensa, gwauruwa tana ɗaya ƙarshen. Da aka zo da gurasa da ƙoƙo, ya girgiza kai. Bayan an tashi Fasto ya same shi a ruɗe.

"Baba, lafiya? Wa ya sa ka a horo?"

"Ba kowa, Fasto. Na san dalilin da aka kawo matar nan majalisa, na kuma ɗaga hannu, don ina tsoron shinkafa ta yanke. Shekara nawa ina wa mutane wa'azin tsarki, ashe mudun shinkafa ya isa ya rufe mini baki. Inda aka ajiye ta nan zan zauna, har ranar da za a ɗaga ta."

Da dare yakan sa jikansa ya karanta masa Zabura ta 51, addu'ar da Dauda ya yi bayan annabi Natan ya zo masa da labarin 'yar tunkiyar matalauci. Ƙarshen wata da aka kawo shinkafa ya ce a mayar, a yi godiya. Ya kuma je gidan gwauruwar, tsofai-tsofai da shi, ya roƙe ta gafara a gaban 'ya'yanta. Ta fashe da kuka, ta ce, "Haba Baba, kai ne za ka roƙe ni?" Ya ce shi ne.

A ganina, duk ikilisiyar nan mutum biyu ne suka bi tsarkin zuciya a wannan kaka, kuma dukansu a bencin baya suke. Ita ta rasa aikinta a kan abin da ba wanda zai taɓa kama ta da shi. Shi kuma, da ya danna wuyan albasar wani, bai koma gida ya kwanta ba sai da ya binciki kansa. A Markus sura 7, inda Yesu ya lissafa abubuwan da ke fitowa daga ciki su ƙazantar da mutum, kwaɗayi da ha'inci da hassada da girman kai suna jere ɗaya da zina da sata. Mu ne muka raba jerin biyu. Wanda ake gani muka kafa masa majalisa, wanda ba a gani muka bar shi ya zauna a gaba da farar riga. A Wa'azin kan Dutse kuwa, masu tsabtar zuciya aka yi wa albishir da ganin Allah, ba a ce komai a kan wurin zama ba.

Dattijo fa? Lahadi bayan Lahadi yana jin ƙarar sandar tsohon tana wuce shi. A wata na biyu ya aiki yaronsa da dare ya kai wa gwauruwar kuɗinta na makon nan, har da ƙari. An ce ya kuma hana a tura masu laushi tsakiya, aƙalla a ranakun da yake rumfa. Wannan abu ne, ban raina shi ba. Sai dai bai taka ƙafarsa gidanta ba, bai kuma tashi a majalisa ya ce, 'yan'uwa, abin da ya sa na kawo maganar nan ba shi na faɗa muku ba. Fitar da kuɗi ya fi masa sauƙi da buɗe baki. Ita kuwa sai da ta cika wata shida cur a bencin baya, tsohon yana gefenta.

Ban kira sunan kowa ba, ba kuma zan kira ba. Roƙona kawai ga iyayenmu dattawa, da shugabannin Zumuntar Mata, da na matasa, da duk wanda ake tambayar ra'ayinsa a kan laifin wani: in an sake zama, kafin ka ɗaga hannu, ka tuna ko wani abu ya taɓa shiga tsakaninka da wanda ake magana a kansa. In akwai, sauke hannunka, ka tashi ka je ka same shi tukuna.