Yadda Ake Gano Ciwon Motar da Ta Kama Karkarwa

Duk direban da ke jigilar albasa da bandar kifi tsakanin Wara da Yelwan Yauri ya san maganin farko idan mota ta fara karkarwa: a ƙure rediyo. Maganin yana aiki, har ranar da fasinjan gidan gaba ya tambaya ko zazzaɓi motar take yi. Daga nan sai bincike.

Mai hikima ba ya fara zargin giya, domin ita ce mafi tsada, kuma da wuya laifin ya zama nata. Tambayar da ta dace ita ce: yaushe rawar take tashi? Idan mota na tsaye a tasha, inji na aiki, amma madubi na kaɗawa, to filogi ne ya gaji ko robobin da injin ke zaune a kansu sun mutu. Idan sitiyari ne ke rawa sai an kai gudun kilomita 80 zuwa 100 a awa a titin Yauri zuwa Koko, a nemi mai faci: ko taya ta yi ƙulu, ko wili ya lanƙwashe a rami, ko laka ce ta damina ta bushe a cikinsa. Wannan na ƙarshe bokitin ruwa ne kuɗinsa, shi ya sa ba a cika jin sunansa a gareji ba.

Idan sai an taka birki, faifan birki ne.

Inda malamai suka fi saɓani shi ne rawar da ke zuwa idan an taka totur, ta lafa da an ɗaga ƙafa. A Golf 3, wadda Volkswagen ta fito da ita a 1991 kuma har yau take aikin jaki a bakin tafkin Kainji, wannan alamar shaf ce. Robar da ke rufe gaɓarsa ta yage, giris ya zube, yashi ya tare a ciki. In an sha kwana ana jin ƙas-ƙas, gaɓar wajen taya ce ke gaisuwa. Bakanike da ya dubi Golf irin ta haya ya ce farfela ce, sai a gode masa, a tambayi lafiyar iyali, a wuce, domin da ƙafafun gaba take ja, ba ta da farfela. Hiace da tsohuwar Fijo 504 su ne masu ita.

Akwai gwajin da ba ya cin ko sisi. A miƙaƙƙen titi marar jama'a, direba ya kai gudun da rawar ke tashi, ya saka firi. In ta ci gaba, inji ya fita daga zargi, a koma kan ƙafafu. Motar da kuwa ke zabura lokacin tashi kawai, kuloci take nema.

Giya idan ita ce, ba ta ɓoyewa. Tana kuka, tana fitar da kanta daga lamba uku ba da izini ba, manta yana warin ƙuna, a ga garin ƙarfe a cikinsa. A nan ne mai mota zai zauna da alƙalami. Mitar kilomita ba za ta taimaka masa ba. A yawancin motocin nan ta tsaya tun kafin su baro Kwatano. Hanya uku ce: a buɗe giyar a canza boris, a yi odar ta Beljiyam daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ko a sayar da motar ga wanda bai karanta wannan shafi ba. Tun da Naira ta faɗi a 2023, kayan Beljiyam sun daina zama na talaka, kuma garantinsu yakan ƙare ne daidai ƙofar shago. Ga kuɗin kawowa, ga na aiki, ga kwanakin da mota za ta yi a kan duwatsu kasuwar Wara na ci ba ita.

In inji ba ya shan baƙin mai, bodi bai ruɓe ba, giya ta cancanci kuɗinta. In kuwa hayaƙi na bin motar, ƙofa da igiya ake ɗaure ta, sabuwar giya za ta fi motar daraja, kuma masu sayen ƙarfe a kilo ba sa ƙara ko kwabo saboda ita.