Wa Ya Cinye Ƙugiyar?

Taɓe bakinka da kyau, na gan ka. Ka ce wai littafin soyayya ma sai an ɗauko wani ya zauna yana binsa harafi bayan harafi? Takardar gado ce ko hukuncin kotu? Yarinya ta ga saurayi, iyaye sun ƙi, an sha kuka, an ɗaura aure a littafi na uku, shi ke nan. To, ranka ya daɗe, tunda ka haddace labarin haka, ashe kai ma kana karantawa a ɓoye. Matso kusa.

Ga jarumi nan ya durƙusa gaban masoyiyarsa, idanu sun kaɗa sun yi jajur, ya ce sonta ya ratsa jininsa da ƙashinsa. Magana ta yi ma'ana. Sai mai buga rubutu ya cinye ƙugiyar da ke kan harafin farko na kalmar ƙarshe. Karanta abin da ya rage da ƙarfi, in ka isa, a gaban surukarka. A shafi na gaba budurwa ta ƙi tayinsa, amma an manne kalmomin biyu, ƙugiya kuma ta sake yin layar zana, sai ga mu tsamo-tsamo cikin “taki”. Daga fagen soyayya mun faɗa gona.

Ka ce ai mai karatu zai gane abin da ake nufi? Zai gane mana, bayan ya gama dariya. Ita kuwa baiwar Allah da ta hana idonta barci a kan shafin nan hawaye take nema. Littafin lissafi zai iya jure kuskuren harafi, ɗalibi ya gyara da biro ya wuce. Labarin soyayya ba shi da jarin da ya wuce shauƙi, da zarar mai karatu ya tuntsire da dariya a inda ya kamata ƙirjinsa ya buga, ciniki ya watse.

Ka ce da can wa yake tacewa? Sannu, masanin tarihi. Littattafan gasar 1933, su Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, sai da suka bi ta hannun Rupert East a Zariya kafin su fito. Abubakar Imam guda aka duba wa rubutu! Abin da ya sauya shi ne, daga tsakiyar shekarun 1980 marubutan Kano da kewaye suka daina jiran kamfani. Balaraba Ramat Yakubu ta fito da Budurwar Zuciya a 1987, Ado Ahmad Gidan Dabino ya girgiza kasuwa da In Da So Da Ƙauna, aka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, littattafai suka cika shagunan Sabon Gari. Jarumta ce, babu musu. Sai dai wanda ya zama kamfanin kansa ya gaji har da aikin editan da ya tsallake, kuma wannan gadon ne da yawa daga cikin waɗanda suka biyo baya suka bari a ƙasa.

Dubi hanyar da labari yake bi. An rubuta shi da biro a littafin makaranta, an kai shagon kwamfuta. Yaron da ke bugawa kunnensa ɗaya yana kan sharhin ƙwallo, bai san inda ƙ da ɗ da ɓ suke a allon bugu ba, bai kuma tambaya ba. An ɗauke wuta, an dawo da ita, ya tsallake layi biyu. Daga nan sai maɗaba'a. Yau kuma da waya ta karɓe ragama, ana rubutawa da babban yatsa a tura WhatsApp ko Wattpad tun da zafinsa, ga “qauna”, ga “xuciya”, ga “wlh”, babu aya babu waƙafi, sai alamar motsin rai guda bakwai a jere.

Ka ce ai akwai hukumar tacewa a Kano? Akwai. A 2007 ma har ƙona littattafai aka yi a zamanin shirin A Daidaita Sahu. Amma su tarbiyya suke dubawa. Jarumi ya riƙe hannun jaruma ne za a ji kansu, ƙugiya kuwa ko duk ta ƙare a littafin ba wanda zai kira taro.

Ke kuma Hajiya marubuciya, na ga kin gyara ɗaurin ɗankwali, bismilla. Ki ce sau uku kika karanta kafin ki fitar? Na yarda. Matsalar ita ce ba shafin kike karantawa ba, abin da ke cikin kanki kike karantawa. Idonki yana isa gurbin kalmar da ta ɓace sai ƙwaƙwalwa ta cike miki ita, ki wuce kina murmushi. Duk iya kitson mace, ba ta ganin ƙeyarta.

Ki ce aminiyarki ta duba? Wace, wadda ta kira ki da tsakar dare tana tambayar ko Alhajin zai saki uwargidan? Wannan ai masoyiya ce, Allah ya bar zumunci. Mai tace rubutu mutum ne marar tausayi, jaruma tana suma shi yana ƙirga waƙafi. Shi ne zai lura cewa wadda aka raɗa wa Zainab a shafi na huɗu ta koma Zulaihat ba tare da an yanka rago ba. Shi zai tambayi yadda baƙar mota ta shiga gidan biki ta fito fara, da yadda cikin amarya ya kai wata goma sha huɗu, da dalilin da gwaggon da muka yi wa sadakar bakwai a littafi na ɗaya take tuƙa tuwo a na uku. Shi zai raba “ya ƙi” da “yaƙi”, ya hana “ya” da “ta” musayar jinsi a tsakiyar jimla. Labarin da ake yankawa kashi-kashi, ana rubuta na biyu bayan an sayar da na ɗaya, ya fi kowane buƙatar irin wannan ɗan sa-idon.

Ki ce zai ɓata miki salo? Nan kam kin taɓo gaskiya, ba zan yi miki gardama ba sosai. Akwai masu gyaran da in suka kama hirar masoya sai sun mayar da ita labaran ƙarfe bakwai. Tsohuwa Basakkwatiya ta buɗe baki da Sakkwatancinta, malam ya bi da jan biro ya mayar da ita 'yar Fagge. Wannan shisshigi ne. Bakin taurari nasu ne, a bar kowa da karin harshensa. Amma kada ki laɓe a nan, Hajiya. Manne “ba ta” ya koma “bata” ba karin harshen kowane gari ba ne.

Saura kuɗi, na san nan za a zo. Ki ce ribar nawa take da za a yanka wa wani? An biya mai zanen bango, an biya data, an biya mai talla, sai a kan mai duba rubutu ne talauci ya tuna da ke? In da gaske babu, ki yi musaya da wata marubuciyar da ba ta jin kunyarki. Ki ajiye rubutun mako guda ya huce, sannan ki karanta shi a bayyane, kunne yana kama abin da ido ya yafe.

In duk kin ƙi, kada ki damu, masu tacewa suna nan kyauta. Suna cikin zauren da kika buɗe wa masu biyan kuɗin karatu, kuma ba sa jan biro a keɓe. Hoton shafin suke ɗauka, su zagaye kalmar da ja, su tura wa ƙawayensu na wasu zaurukan kafin ki tashi daga barci.