Rabe-raben Masu Horon Kwikwiyo a Ƙasar Rima

A Goronyo da Wurno da maƙwabciyarsu Rabah, horon kwikwiyo, wato koya wa ɗan kare inda zai yi kashi da fitsari da kuma inda ƙafarsa ba za ta taka ba, ya sha bamban da abin da Turawa suke nufi da shi, domin su zaman ɗaki suke koya wa karensu, alhali Bahaushe iyaka yake koya wa nasa. Ƙofar gida da gindin rumbu da bakin garke duk nasa ne, amma ɗaki da madafa da wurin alwala ba hurumin kare ba ne. Aikin ba shi da wuya ga dabbar, sai dai masu yin sa sun kasu gida-gida.

Mafi yawa a cikinsu shi ne mai bulala, wanda yakan dawo daga fadama da la'asar ya tarar da ɓarnar da aka yi tun hantsi, sa'an nan ya kamo mai laifin ya zane shi yana yi masa bayani dalla-dalla. Masana halayyar dabbobi sun nuna cewa kare ba ya danganta hukunci da laifi sai in sun zo a tare, ga shi kuma kwikwiyon da bai kai wata 4 ba ba ya iya riƙe fitsari na dogon lokaci. Abin da yakan koya daga wannan darasi shi ne cewa dawowar maigida masifa ce, kuma bayan buhunan shinkafa ya fi tsakar gida sirri.

Akwai kuma mai tsantseni, wanda ba a rasa irinsa a Wurno, garin ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, inda aka binne shi a 1837. Ya ji a karatun zaure cewa idan kare ya yi lallagi a ƙwaryar ruwa, wato ya sa harshe ya sha, ana wanke ta sau 7, sai ya faɗaɗa hukuncin ya haɗa da tabarma da takalmi da turmi da duk yaron da kwikwiyon ya sansana. Malaman Malikiyya sun ɗauki wannan wanki a matsayin ta'abbudi, ma'ana bin umarni ko da ba a gane dalilinsa ba, kuma ba su ce jikin kare mai rai najasa ne ba, amma wannan bayani bai taɓa rage masa ko guga ɗaya ba. Madatsar ruwan Goronyo, mai ɗaukar kubik mita miliyan 942, ita kaɗai za ta iya ɗaukar nauyin gidansa.

Mafarauci shi ba ya ganin zancen kashi da fitsari a matsayin ilimi. Ya riƙe cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, saboda haka sai ya rataya wa kwikwiyo laya, ya bar shi da yunwa don ya yi zafin nama, lamarin da kajin maƙwabta suke fara shaidawa tun kafin zomo ya ji labari.

Sabon shiga a wannan fage shi ne ɗan boko mai koyon horo daga wayar hannu. Yakan sayo kare mai yawan gashi daga kudu, ya raɗa masa sunan Bature, ya riƙa ba shi umarni da Ingilishi a gidan da kowa ke yi wa karen tsawa da Sakkwatanci, har dabbar ta yanke shawarar ƙin jin harsunan biyu. Idan zafin Afrilu ya haura digiri 40, karen yakan tare a gindin randa, inda ba a so a gan shi. Wannan mutum ne kuma yake zuba masa miyar da ta sha albasa da tafarnuwa don nuna gata, bai san cewa waɗannan amfanin gona, da yankin yake alfahari da su, suna lalata jajayen ƙwayoyin jinin kare ba.

Mai habaici kare bai dame shi ba, maƙwabci ne ya dame shi. Yakan sa wa kwikwiyo suna irin su Ba-ruwanka, kuma ba ya kiransa sai abokin gabar ya zo wucewa. Ɗan'uwansa a hali shi ne mai musun mallaka: ranar da kare ya kori ɓarawon albasa nasa ne tun yana jariri, ranar da ya ciji yaro kuwa karen unguwa ne. Wannan na ƙarshe ya wuce abin dariya, domin shi ne ba ya kai kare allurar rigakafin ciwon hauka, wadda ake fara yi yana ɗan wata 3, alhali cutar in ta bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi.

A mafi yawan waɗannan gidaje akwai wata yarinya 'yar shekara tara ko goma wadda ba a lissafa ta cikin masu horo. Ita ce take jiƙa wa kwikwiyon ƙanzo a lokaci guda kullum, ta kai shi bayan katanga da zarar ya ci ko ya farka daga barci, ta jefa masa ɗan ƙashi in ya yi abin da aka kai shi yi. Idan karen ya natsu, maigida ne yake karɓar yabo a majalisa.