Yadda Ake Jan Zare a Turance

Idan Bature ya ce zai yi "pull strings" a kan maganarka, kada ka tashi nemo masa allura. Nufinsa zai taɓo manyan da ya sani a yi maka alfarma: a samo maka gurbi a makaranta, ko fayil ɗinka da ke can ƙasan tuli ya wayi gari a sama. A taƙaice ka sami uwa a gindin murhu.

Daga wasan 'yar tsana maganar ta fito, irin wadda ake ɗaura wa zare a kai da hannuwa da gwiwoyi. Mai wasan na ɓoye daga sama, ya ja wannan zaren ta ɗaga hannu, ya saki wancan ta rusuna, 'yan kallo na ta tafi. Wasan ya daɗe a Ingila. Tun a 1662 wani mai suna Samuel Pepys ya rubuta cewa ya kalli na 'yan Italiya a Covent Garden da ke Landan.

To, ka ga ke nan sirri ake so. Kada ka tsaya tsakiyar ofis kana shelar za ka ja zare. Rage murya, ka ɗan karkata kai, ka ce "a few strings" ka ja, ko da waya uku ka buga har da ta wani babban sakatare. Mutanen Ingila na son a ƙanƙanta abu.

Inda ake zamewa shi ne ƙaramar kalmar nan "the". Wanda ya yi "pull strings" roƙo ya yi, gobe ma sai ya koma gaisuwa. Wanda ke "pull the strings" kuwa shi ke juya akalar lamarin, na kan kujera sa hannu ne nasa. Ka gode wa mataimakin shugaba a gaban shugaban da wannan "the" ɗin, ka ga yadda fuska ke sauyawa.

Wallahi kuma ka dubi abin da za ka ja wa zaren. A sama wa maras lafiya gado da tsakar dare, wannan kowa zai sa maka albarka. A ture yaron da ya ci jarrabawa don ɗan ƙanwarka, wannan cin amana ne a kowane harshe.

In aka tambaye ka wa ya ja maka zaren, yi murmushi ka tambayi lafiyar iyali.