Mazauna Garin Kaboyi, Kamar Yadda Kunne Ya San Su

Kafin talabijin ya ƙwace falon Amurkawa, iyali kan taru da maraice su saurari kaboyi a rediyo. Daga 1933, da tashar WXYZ ta birnin Detroit ta fara watsa The Lone Ranger, zuwa 1961, da CBS ta rufe Gunsmoke, an bindige mutane ba adadi a yammacin Amurka ba tare da wani ya ga ɗigon jini ba. Mu da muka san kaboyi a silima, da malafa da doki muka san shi. Mai sauraro kuwa kunne kaɗai aka ba shi, don haka tilas kowane ɗan wasa ya zo da halinsa a baki. Ga mutanen da ba a rasawa a garuruwan nan masu ƙura.

Mai dokar da doka ta gajiyar

Shi ne Matt Dillon na Gunsmoke, jami'in dokar tarayya a Dodge City ta jihar Kansas, garin da ake koro wa shanun Texas don a loda su a jirgin ƙasa cikin shekarun 1870. Norman Macdonnell da John Meston, da suka ƙago shi a 1952, sun ƙudurta cewa nasu shirin na manya ne, sai suka haramta wa bawan Allah farin ciki. Kullum sai an gama kisan yake isowa. In ya kamo mai laifi, shaidu su janye jiki. In ya harbe shi, ya kwana yana tuhumar kansa. Ko gaishe shi ka yi, sai ya yi ajiyar zuciya kafin ya amsa. William Conrad ne mai muryar, murya mai kauri kamar daga ƙasan rijiya take tasowa, jama'a kuma suka zana shi a zuci dogo, ingarma. Da aka tashi kai shirin talabijin a 1955, aka dubi Conrad, aka dubi tumbinsa, aka tausaya wa doki, aka ba James Arness aikin.

Mai rufe fuska inda ba a ganin kowa

Gwarzon The Lone Ranger ya shafe shekara 21 yana ɗaura baƙin ƙyalle a ido, a rediyo. Tunda ba mai ganin ƙyallen, dole kowane shiri a sami wanda zai zabura ya yi shelar cewa ga mai rufaffiyar fuska nan, kada mai sauraro ya manta. Ba ya karɓar albashi, amma harsashinsa na azurfa ne. Ba ya kisa: bindigar hannun mugu yake harba ta faɗi, mugun ya tsaya yana yarfe yatsu. Ba giya, ba taba, ba ashar, Turancinsa kuma tsaf, domin yara ne ke sauraro, mai gidan rediyon George Trendle kuwa ba ya son iyaye su kashe akwati. Da an tashi yi masa godiya sai a nemi mutum a rasa. A 1941 mai muryarsa, Earle Graser, ya rasu a haɗarin mota. Marubuta suka kwantar da gwarzo jinyar rauni na 'yan kwanaki, ba ya iya magana sosai. Da ya warke sai ya tashi da muryar Brace Beemer, aka ci gaba da sukuwa.

Ɗan rakiya

Jarumi shi kaɗai a daji masifa ne ga marubuci, don ba wanda zai yi wa bayani sai doki. Shi ya sa a shiri na 11 na The Lone Ranger aka kawo Tonto. Aikin ɗan rakiya shi ne ya faɗi abin da su biyun duk suke gani: "Maigida, ga ƙura can ta tashi, mahaya uku ne, na tsakiya da doguwar bindiga." Maigida na da ido, amma ya amsa da mamaki. An ce Tonto ɗan asalin ƙasar ne, aka ɗora masa karyayyen Turanci, alhali mai muryarsa, John Todd, dattijon Bature ne da ya goge a wasannin Shakespeare. Na Dillon kuwa Chester ne, a bakin Parley Baer: ya dafa gahawa, ya share ofis, ya yi ƙorafi, ya rugo a guje yana kiran Mista Dillon. Ƙarin girma kuwa, sai a lahira.

Yaro mai neman suna

Gemu bai fito ba, bindigar ma ta aro ce, amma ya ji labarin cewa duk wanda ya kayar da mai doka sunansa zai zaga jihohi. Ya shigo mashaya, mai kiɗa ya tsaya cak. A ba shi shawara sau uku ya koma gonar babansa, ya ƙi ji. Kafin a tafi talla an nufi Boot Hill da shi, maƙabartar da ake binne waɗanda ajali ya tarar da takalmi a ƙafa.

Likita

Doc Adams na Gunsmoke, a muryar Howard McNear. A shirye-shiryen farko, ƙarar bindiga albishir ce gare shi, don gwamnati na biyan kuɗin binciken gawa. Sauran mutane na jimami, shi yana lissafi. Daga baya marubuta suka sanyaya masa zuciya, ya zama uban gari mai tsiwa, wanda ake biya da alkawari.

Ta gidan giya

Kitty ta mashayar Long Branch, wadda Georgia Ellis ta yi wa murya. Duk wanda ya shigo gari ta san shi, ta san bashin da ke kansa da wanda ya zo nema. Da Dillon zai zauna kusa da ita daga safe, da rabin binciken ya ƙare. Shekara 9 ana shiri, ba a fito fili an faɗi sana'arta ba, shi ma gogan bai taɓa turo magabatansa ba.

Ɗan kwangila

Paladin na Have Gun Will Travel, wanda John Dehner ya yi a rediyo daga 1958 zuwa 1960. Yana zaune a otal ɗin Carlton a San Francisco, yana bin jaridu yana neman wanda ke cikin tashin hankali, sai ya aika masa da katinsa mai hoton dokin dara. Farashi, dala 1,000. Yana da karatu, don haka kafin ya harbe ka sai ya ilimantar da kai. Sau da yawa a tsakiyar aiki yake gano cewa wanda ya ɗauke shi ne azzalumin, sai ya juya masa bindiga. Wannan ne kaɗai ɗan kwangilar da gaskiya ke jawo wa asara.

Mutanen gari da igiya

Su ne mafi ban tsoro, su ne kuma mafi arha, don mutum biyar a gaban makirufo suna gunaguni sun isa su zama gari guda. An sace doki, an ga baƙo, shike nan an gama shari'a. Mai kanti da wanzami da maƙeri, waɗanda da rana ko kaza ba sa iya yankawa, da dare suna ƙofar kurkuku da fitila da igiya. Alƙali yana tafiyar kwana uku, su kuma ba su da haƙurin kwana ɗaya. Ana cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma mai doka ya san lagonsu: ya tsaya a bakin ƙofa, ya ɗana bindiga, ya fara kiran su da suna ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar wa zai fara tako matakala. Da an kira sunan mutum sai ya tuna ya bar wuta a murhu. Gari na wayewa a gano cewa dokin kwancewa ya yi da kansa. A Gunsmoke dai, wani lokacin sai an riga an rataye baƙon dokin ke dawowa.

Mai dogon numfashi

Harsashi uku a ƙirji, amma ba zai cika ba sai ya faɗi wanda ya aiko shi, da inda aka binne zinariya, da saƙon da za a kai wa mahaifiyarsa. Mutuwa shiru ba ta da amfani a rediyo.

Mai kwakwa da mai talla

Duk sukuwar nan, wani ne a kusurwar ɗaki yake buga ɓawon kwakwa biyu cikin akwatin tsakuwa. Shi ne doki, shi ne ƙofa, shi ne takun mugu a kan katako, a ƙarshe kuma ya faɗi a madadin mamaci. Kusa da shi ga wanda ya fi kowa iko a gari, mai talla. The Lone Ranger ya sayar wa yara burodin Silvercup da hatsin karin kumallo na General Mills. Gunsmoke kuwa ya yi shekaru kamfanin tabar Chesterfield da L&M na ɗaukar nauyinsa, ana gama binne mutum sai wata murya mai fara'a ta gayyace ka ka kunna kara ɗaya. Cikin duk makasan da suka ratsa Dodge City, wannan ne kaɗai Matt Dillon bai taɓa kamawa ba, don shi ke biyan albashi.